Yadda Za Ka Zaɓi Kyamarar Ɗaurawa a Keke: Jagora Daga Hanyoyin Jos

Kyamarar farko da na ɗaura wa kekena ba ta cika wata biyu ba. Abin da aka rubuta a kwalinta ne ya ja ni: 4K da manyan baƙaƙe, wato alamar bidiyo mai kaifi sosai, ga tarin mariƙai na ɗaura ta a ciki, ga araha. Wata Asabar cikin Disamba na fita bayan sallar asuba, na bi ta Lamingo na nufi wajen tsaunukan Shere. Rana tana ɓullowa ta cikin hazo, duwatsu sun hau kan juna, sanyi yana yankar yatsu. Da na dawo gida na buɗe bidiyon sai na tarar komai yana kaɗawa kamar inuwa a cikin ruwan randa, turakun lantarki sun lanƙwashe, ko minti ɗaya ido ba ya iya jurewa. Bayan 'yan makonni mariƙin filastik ya tsage a wata gangara mai tsakuwa, kyamarar ta faɗi, gilashinta ya fashe. Kuɗin ya yi mini ciwo, amma safiyar nan da na rasa ta fi yi mini ciwo.

Tun daga ranar na gane cewa a hanyoyinmu girgiza ce babbar matsala. Lambar da ke jikin kwali tana zuwa ne daga baya. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka doru.

Mataki na farko: me kake son ɗauka?

Mahaya iri biyu ne ke neman wannan kyamara. Akwai mai son ya adana tafiyarsa, ya nuna wa mutane kyawun Filato, tafkunan tsofaffin ramukan kuza na wajen Rayfield ko dutsen Riyom. Wannan yana buƙatar hoto mai launi da natsuwa, kuma ba sai kyamara ta yi ta aiki tun fita har dawowa ba. Akwai kuma wanda ke ratsa Farin Gada ko titin Bauchi kullum a tsakanin motoci da Keke Napep, yana son idan wani ya goge shi ya gudu a samu shaida. Shi batir mai daɗewa yake so, da hoton da za a iya karanta lambar mota a cikinsa, da tsarin da kyamara ke share tsohon ɗauka ta ɗora sabo a kai idan memori ya cika. Don irinsa ne kamfanin Cycliq na Ostareliya ya ƙera Fly12, fitila da kyamara a haɗe, sai dai da wuya ka same ta a shagunanmu.

Ka tsayar da ɗaya kafin ka shiga kasuwa. In ba haka ba mai shago ne zai zaɓa maka.

Wani zai ce ga waya, me ya sa ba za a ɗaura ta ba? A 2021 kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone cewa girgizar injin babur na iya lalata sashen da ke daidaita hoto a kyamarar wayar. Keke ba shi da inji, amma faɗuwa ɗaya a kan tsakuwa ta isa ta raba ka da sikirin, kuma waya a fili a kan keke gayyatar masu fizge ce.

Mataki na biyu: auna ƙarfen kai tun kafin ka duba kyamara

A nan mutane da yawa ke yin asara, don haka zan ɗan tsaya. Ƙarfen da mahayi ke riƙewa ba kaurinsa ɗaya ba ne a kowane keke, kuma ko a keke ɗaya tsakiyarsa ta fi gefensa kauri. Kekunan tsere da na hawan dutse na zamani yawanci milimita 31.8 ne a tsakiya. Tsofaffi da kekunan gida da yawa 25.4 ne. Wajen da hannu ke kamawa a miƙaƙƙen ƙarfe 22.2 ne, kuma kaurin kan yawancin ƙananan babura ke nan. Wasu sababbin kekunan dutse sun kai 35.

Ba sai kana da ma'aunin makanikai ba. Samu zare, ka zagaya shi sau ɗaya daidai inda kake son ɗaura kyamara, ka yi alama da biro, ka miƙe shi a kan rula. Idan ya kai santimita 10, ƙarfenka 31.8 ne. Santimita 8 na nufin 25.4, santimita 7 na nufin 22.2, santimita 11 kuma 35. Rubuta lambar a wayarka.

Da wannan lambar za ka nemi mariƙi, kuma shawarata ka nemi na alminiyom mai ɗaurewa da noti, ba na filastik mai kunnen murɗawa ba. Filastik yana shan rana ya bushe, sanyin hunturu ya ƙara busar da shi, ranar da ka faɗa rami sai ya tsage ba tare da ya ba ka wata alama ba. Ka kuma ƙirga gaɓoɓin mariƙin. Kowace gaɓa da aka ƙara, da kowane tsawo da aka ƙara, wurin lilo ne. Gajeren mariƙi mai gaɓa ɗaya ya fi dogo mai gaɓa uku natsuwa nesa ba kusa ba. Akwai irin wanda ke miƙowa gaban keke kaɗan, sama a ɗora na'urar auna gudu irin ta Garmin, ƙasa a rataye kyamara. Shi na fi so, don yana sa kyamara a tsakiya, kuma wayoyin birki ba sa shiga hoto.

Yawancin kyamarorin nan suna amfani da haɗi iri ɗaya, wato 'yan yatsu biyu da ke shiga tsakanin yatsu uku a zura noti, wanda kamfanin kyamara na GoPro ya yaɗa. Kyamarorin kamfanonin DJI da Insta360 ma suna zuwa da abin haɗawa da shi. Saboda haka mariƙi mai kyau zai iya cinye kyamara biyu ko uku yana nan.

Wani dattijo mai gyaran keke ne ya nuna mini dabarar da har yau nake amfani da ita. Na kai masa keken ina ƙorafin mariƙi yana sulɓewa ƙasa, na ce, "Baba, ko dai in ƙara ɗaure notin ne?" Ya hana ni. Ya yanko ɗan zirin roba daga tsohon tif na taya, ya naɗa shi sau ɗaya tak a jikin ƙarfen, sannan ya ɗaure mariƙin a kai. Robar tana hana sulɓi, tana kuma kare fenti. Amma naɗi ɗaya ya isa. Idan ka yi uku ko huɗu, mariƙin zai zauna a kan abu mai laushi ya riƙa lilo. Mai ƙarfen kai na kabon kuwa ya yi hattara da ɗauri, matsi mai yawa yana tsaga shi.

Mataki na uku: yadda kyamara ke shanye girgiza

Wannan shi ne abin da kake biyan kuɗinsa a gaskiya. Farantin da ke kama haske a cikin kyamara ba ya ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi yake karantawa daga sama zuwa ƙasa. Idan keke ya girgiza a tsakiyar karatun, saman hoton da ƙasansa sai su saɓa, shi ya sa turakun lantarki suka lanƙwashe a bidiyona. Kyamarori masu inganci suna karanta layukan da sauri, kuma suna da wata 'yar na'ura a ciki mai jin kowane motsi. Sukan ɗauki hoto mai faɗi fiye da wanda za su nuna maka, su yanke gefe-gefe, su riƙa matsar da abin da ya rage don ya soke motsin. GoPro na kiran nata tsarin HyperSmooth, ta fara shi da HERO7 Black a 2018. Na DJI sunansa RockSteady, ya zo da Osmo Action ta farko a 2019. Na Insta360 kuma FlowState.

Kyamarori masu arha su ma sukan rubuta cewa suna hana girgiza. Tambayar da za ka yi ita ce a wane saiti. Da yawansu tsarin yana aiki ne a ƙaramin hoto kaɗai, da ka kai shi 4K sai ya mutu. Wasu kuma hoton ma ba 4K ba ne na gaskiya, ƙarami ne aka buɗa shi.

Abu na biyu da ba a cika faɗa wa mai saye ba: wannan tsari yana son haske. Da rana tsaka kusan kowace kyamara mai suna za ta ba ka hoto sumul. Amma mu a nan da sassafe muke fita, ko da la'asar sakaliya. Idan haske ya yi ƙaranci, kyamara takan daɗe tana buɗe da ido a kan kowane hoto, kuma keken da ke gudun kilomita 25 a awa yana cin kusan mita bakwai a sakan ɗaya. Sai hoton ya riƙa dishewa yana dawowa a duk lokacin da taya ta taka dutse. Maganinsa faranti mai girma. DJI Osmo Action 4 ta 2023, da Action 5 Pro ta 2024, da Insta360 Ace Pro duk suna da faranti mai girman 1/1.3 na inci, wanda ya fi na GoPro HERO12 da HERO13 girma. Idan fitarka ta asuba ce, wannan bambanci zai amfane ka fiye da ƙarin lambobi.

Mataki na huɗu: 4K, da yawan hoto a sakan

Ga mai ɗora bidiyo a WhatsApp ko Facebook, saitin da bai kai 4K ba, kamar 2.7K ko ma 1080, ya wadatar, don su kansu suna matse bidiyon. Amfanin 4K shi ne idan kana son ka zuƙo wani sashe daga baya, kamar lambar mota. A keke, yawan hoto a sakan ya fi muhimmanci: 50 ko 60 sun fi 25 ko 30 santsi idan ana gudu, kuma za ka iya rage saurin bidiyon a gangara ya yi kyau. Tunda wutar lantarkin Najeriya tana bugawa sau 50 a sakan, ka sa saitin hana ƙyaftawa a 50, ka ɗauka a 25 ko 50, don kada fitilun titi da na shaguna su riƙa ƙyafta ido a bidiyon dare.

Faɗin kallo kuma, mai faɗi sosai yana nuna gudu yana ɓoye girgiza, amma yana ƙanƙantar da abin da ke nesa. Mai neman shaida ya zaɓi matsakaici.

Mataki na biyar: batir, zafi, ruwa da ƙura

Kada ka ɗauki lokacin da aka rubuta a kwali a matsayin abin da za ka samu. Ana auna shi ne a ƙaramin saiti, sikirin a kashe. DJI ta ce Action 5 Pro na iya kai awa huɗu, amma a 1080 ne. A 4K da tsarin hana girgiza a kunne, ka sa ran awa ɗaya zuwa biyu a yawancin kyamarori. Wanda zai je Vom ko Riyom ya dawo yana buƙatar batir na biyu, saboda haka ka zaɓi kyamarar da ake cire batirinta. Ana iya jona fawabank ana tafiya, amma sai an buɗe murfin gefe, kuma da an buɗe shi ruwa da ƙura sun samu ƙofa.

Jos na da sauƙi wajen zafi, tunda garin yana sama da mita 1,200 daga teku. Wanda ke hawa a Abuja cikin Maris da Afrilu shi ne zai fi ganin kyamara ta yi zafi ta kashe kanta, musamman a 4K idan ya tsaya a rana. Iskar tafiya ce ke sanyaya ta, don haka in ka tsaya hutawa ka kashe.

Ruwan Jos ba ya sallama, musamman a Yuli da Agusta. Nemi kyamarar da jikinta kansa ba ya shan ruwa. GoPro na jure nutso har mita 10, Action 4 har mita 18. Masu arha sai an saka su a cikin akwatin filastik, wanda ke toshe sauti, ya tara zafi, ya yi gumi daga ciki da sanyin safiya. Ƙurar hunturu da tsakuwar da tayar mota ke watsowa kuwa gilashin gaba suke ci. GoPro daga HERO9 zuwa sama, da Osmo Action 3, 4 da 5 Pro, duk ana kwance gilashinsu a sa sabo. HERO8 ba a cire nata. Kada ka goge ƙura da bakin riga. Hura ta tukuna, sannan ka sa ƙyalle mai laushi.

Sauti ba sai mun daɗe a kansa ba. Da keke ya ɗauki gudu iska ce kawai za ka ji, tare da ƙarar sarƙa da ke biyo ƙarfe. Kunna saitin rage iska, ko ka rufe makirfon da ɗan soso.

Mataki na shida: katin memori

Kyamara mai ɗaukar megabit 100 a sakan tana cinye kusan gigabait 45 a awa ɗaya, wato kati mai 128 ba zai kai awa uku ba. Duba jikin katin ka ga alamar V30 ko U3, ma'anarta yana iya rubuta aƙalla megabait 30, wato megabit 240, a sakan ba tare da tsayawa ba. Kati marar sauri yana sa kyamara ta daskare ko ta yanke ɗauka. Jabun kati ya cika kasuwa, a rubuta 128 a jiki alhali cikinsa bai kai rabin rabin haka ba, sai ka dawo daga tafiya ka tarar fayil ba ya buɗuwa. Akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin ta karanta shi ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Yi wannan gwaji ranar da ka saya, rasit yana hannunka.

Mataki na bakwai: wacce za ka saya?

A ganina tsohuwar kyamara ta gaske ta fi sabuwa marar asali. Araha ba ta ado. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi HERO9 ko HERO10 ta hannu, ko Osmo Action 3. Mai matsakaicin ƙarfi, Action 4 ko HERO11 ko HERO12. Idan kana son gudunka da taswirar hanya su fito a jikin bidiyo, ka sani HERO12 ba ta da GPS. An cire shi a 2023, aka dawo da shi a HERO13 a 2024. DJI tun daga Action 2 tana da maƙali mai maganaɗisu da ƙugiyoyi, da yatsu biyu za ka zare kyamarar ka jefa aljihu idan za ka shiga masallaci ko shago. A gari wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma masu ɗaukar kowane ɓangare a lokaci guda, irin Insta360 X3 da X4. Suna kama gaba da baya da fuskar mahayi, daga baya ka zaɓi inda za a kalla. Abin sha'awa ne, amma X4 ta kai giram 203, alhali sauran suna wajen 150, idanunta biyu a turo suke suna jiran ƙarzuwa, fayilolinta manya ne, kuma kowane bidiyo sai ka zauna ka tace shi. Ban ba wanda yake farawa shawararta ba.

Wajen kasafi, kada kyamara ta cinye kuɗin duka. Ware na mariƙin ƙarfe, kati, da batir na biyu tun farko.

Mataki na takwas: gwaji a gaban mai shago

Ko a shagunan titin Ahmadu Bello ne a Jos, ko Banex a Wuse 2 ta Abuja, zuwa da kai ya fi aike. Tafi da katinka da wayarka. Ka ce, "Alhaji, a yi mini izini in gwada ta a nan." Mai kaya na gaskiya ba zai ƙi ba. Haɗa ta da manhajar kamfanin a wayarka, Quik ga GoPro, Mimo ga DJI. Jabu ba ta haɗuwa. Sa ta a 4K, ka riƙe a hannu, ka yi sassarfa zuwa bakin titi ka dawo, sannan ka shiga lungun shago inda haske ya yi ƙasa. Bar ta tana ɗauka minti goma sha biyar ka ga nawa batir ya sauka. Ciro batirin ka ɗora a kan tebur, in ya kumbura ba zai kwanta daidai ba. Duba robar murfi, ka haska gilashi da tocila.

Daga ƙarshe tura bidiyon cikin wayarka ka kunna. Yawancin sababbin kyamarori suna matse bidiyo da tsarin HEVC, kuma tsofaffin wayoyi sukan riƙa sarƙewa a kansa. Gara ka sani kana shagon.

Mataki na tara: ɗaurawa da fitar farko

Rataye kyamarar a ƙarƙashin ƙarfen kai, kai a ƙasa. Da kanta za ta juya hoton, kuma nauyinta ba zai riƙa tunkuɗa ta gaba ba. Karkata ta yadda titi zai ci kashi biyu cikin uku na hoton, don idan sama ta yi yawa titin zai yi duhu. Juya kan keken dama da hagu har ƙarshe, ka matse birki biyu, ka tabbata babu wayar da ta taɓa ta. Sannan ka ɗaura mata siririyar igiya mai ƙarfi zuwa jikin ƙarfen. Da na yi haka da farko, da kyamarata ba ta kai ƙasa ba. Ga mai hanyar burji, rage iskar taya kaɗan yana rage girgiza tun daga tushe.

Fitar farko ta zama gajera, minti ashirin, ka haɗa kwalta da gargada. Tsaya a rabin hanya ka taɓa notin ka ji ko ya saki. Kada ka duba sikirin kana tafiya, musamman a gangara.

Jos gari ne mai shingayen jami'an tsaro. Kafin ka isa shinge, ko kusa da barikin Rukuba da makamantansa, kashe kyamarar, in da hali ka cire ta. Idan an tambaye ka, ka yi bayani cikin ladabi, ka nuna abin da ka ɗauka. A ƙauyukan bayan gari ka gaisa da mutane kafin ka juya kyamara wajen gonarsu ko gidansu, mata da yara kuma ba a sa fuskarsu a intanet ba da izini ba. Kafin ka ɗora bidiyo, yanke mintunan farko da na ƙarshe, don kada ka nuna wa duniya ƙofar gidanka da lokacin da kake fita. Da ka dawo, kwashe fayilolin a kwamfuta a ranar, ka goge katin daga cikin kyamarar kanta, ka ciro batirin ka sa a caji tun da sauran wuta.